Kyaftin Lawandi da Izinin Abuja

Duk Unguwar Maƙera babu wanda bai san Lawandi ba, kuma babu wanda ya taɓa ƙure shi a magana. Ka ce ka je Kano, ya ce ai shi ya nuna wa direbanku hanya. Ka ce ka ga minista a talabijin, ya ce jiya-jiya suka gama waya. Sana'arsa sayar da cajar waya a bakin tasha, amma in ya buɗe baki sai ka rantse da shi ake shawarar ƙasa.

Mutum ɗaya ne tak in ya yi gyaran murya Lawandi ke haɗiye maganarsa, wato yayan matarsa, Injiniya Mamuda, safiyo mai awon filaye. Injiniya ba ya dariya, ba ya maimaita magana. Da tafiya ta kama shi zuwa Legas, sai ya kawo wata baƙar jaka ajiya wurin ƙanwarsa Saude. A ciki akwai ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, wanda samari ke kira diron. Da shi Injiniya yake cin abinci, kuma ya sha zirga-zirga kafin hukuma ta ba shi izinin tashinsa.

Saude ta tura jakar ƙarƙashin gado, ta ce, "Maigida, don girman Allah kada ka taɓa. Yaya ya ce ko zif ɗin kada a ja."

Lawandi ya taɓe baki. "Ni? Me zan yi da kayan wasan yara?"

Ranar da Saude ta tafi gidan suna, la'asar sakaliya sai ga Lawandi a majalisar Ilu mai faci, rataye da jaka, ya ƙwama baƙin tabarau, yana tafiya yana buɗa hannuwa. Ya ajiye jirgin a ƙasa, ya hure shi, ya ce daga yau a riƙa kiransa Kyaftin. Kafin ka ce kwabo an yi masa zobe.

Ilu ya ajiye tayar da yake liƙi, ya ce, "Lawandi, ni fa na ji a rediyo ba a tashin abin nan haka kawai. Rajista ake yi, har jami'an tsaro sai sun yarda. Kuma an ce ba a bi da shi ta kan gidajen mutane."

"Ni za ka koya wa doka? Izinina daga Abuja aka aiko shi, hatimi har baya! Shi kansa mai ba da izinin, ni yake bugo wa ya ce, Kyaftin, wane ya cancanta ko a hana shi?"

"To ina takardar?"

"Kai Ilu, ana yawo da irin wannan takarda ne? Tana banki."

Duk ilimin tuƙin Kyaftin bai wuce wani bidiyo da ya kalla a waya da safe ba. Ya yi bisimilla a zuci, ya danna rimot. Ziiiiii! Jirgi ya ɗaga, ya yi sama. Wuri ya kaure da sowa. "Kyaftin! Kyaftin!" Kan Lawandi ya fasu, har yana tuƙi da hannu ɗaya. Jama'a suka rufu a kan wayar da ke maƙale da rimot ɗin suna kallon hoton da jirgin ke ɗaukowa, wannan ya ce ga hasumiyar masallaci, wancan ya ce ga rufin gidansu da tsohuwar tayar da ya cilla bara.

Sai iska ta ɗan tura jirgin gabas, ya tsaya cak a kan gidan Mai Unguwa Barau.

Gidan nan kuwa gidan kulle ne na gaske. Ba Shiga a rubuce take ɓaro-ɓaro a zaure, ko mai ruwa a ƙofa yake sauke jarkarsa. Amma tsakar gida ai ba ta da rufi. Mata na zaune ana kitso, kawuna a buɗe, an shanya ɗankwalaye a igiya. Lawandi ya so ya ɗaga jirgin sama, ya danna ƙasa. Sai ga fuskar Hajiya Tabawa, matar mai unguwa, ta cika waya fal, rabin kai a kitse rabi a tsefe, ta ɗago muciya. Ihun da ya tashi daga gidan har majalisa aka jiyo shi. Lawandi ya dinga danne-danne ba ji ba gani, hoto ya koma ja da ruwan ɗorawa, jirgi ya yi sama ya ɓace.

Kyaftin kam ba ihun matan yake ji ba, fuskar Injiniya yake gani. Yana cikin lalubar sama da ido sai ga Mai Unguwa Barau tafe fuuu, babbar riga a kafaɗa, Sufeto Ishaya na caji ofis ɗin bayan tasha yana biye da shi. Wuf Lawandi ya cusa rimot cikin riga, ya shure jakar ƙarƙashin benci, ya zare tabarau.

Sufeto ya ce, "Wa ke da jirgin da ya leƙa gidan mai unguwa?"

Idanu duk suka juyo wuri ɗaya. Ilu ya ce, "Ga Kyaftin nan, yallaɓai, mai izinin Abuja."

"Wane Kyaftin? Yallaɓai, ni caja nake sayarwa! Wannan jirgin gwamnati ne, na sirri. Ni ma gani na yi ya wuce, har na sara masa."

Ɗit! Ɗit! Ɗit! Wani kuka ya fara fitowa daga cikin rigarsa.

"Mene ne wannan?"

"Cikina ne, yallaɓai. Wake na ci."

Abin da Lawandi bai sani ba shi ne, irin jirgin nan in batirinsa ya kusa ƙarewa, da kansa yake komawa inda ya tashi. Shi kuwa a daidai wurin yake tsaye. Ziiiiii! Aka ɗaga kai, sai ga shi yana saukowa a hankali, wani ƙyalle na reto a ƙafarsa. Iskar farfelarsa ta tuɓe hular Lawandi, ƙyallen ya zame ya rufe masa kai ruf, jirgi ya dire a gaban takalminsa.

Mai unguwa ya ƙura ido, ya ce, "Ɗankwalin Hajiya ne."

Ilu ya faɗi a kan tayoyinsa yana riƙe da ciki. Sufeto ma sai da ya juya baya ya gyara fuska, sannan ya ce, "To Kyaftin, gwamnati ta sauka. Kawo takarda."

Nan Lawandi ya zube. Ya ce wallahi babu takarda, babu banki, jirgin ma na yayan matarsa ne, a taimaka kada a kama shi. Sufeto ya ce jirgi dai ya shiga hannu, sai mai shi ya zo da izininsa. Ya sa Lawandi ya kira Injiniya, ya ƙure muryar wayar kowa na ji, ya zayyana masa komai.

Injiniya ya yi gyaran murya.

"Sufeto, jirgin a adana min shi da kyau, jibi zan zo da takardunsa. Shi kuwa matuƙin, ku riƙe abinku, babu mai gaggawarsa."