Kunkuru Ya Cika a Cikin Leda

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, ni Umar Ɗanjuma na Makera, a madadin kaina da sauran mazauna teburin baya na shagon Ben da ke Kamazou, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har ma da abokan gaba, rasuwar damin katina, abin alfaharina, wanda duniya ta sani da suna Kunkuru. Ya cika ranar Larabar da ta wuce da hantsi, a wani shagon fotokwafi da ke Nasarawa, ba ciwon kai ba zazzaɓi. Ya tafi da katinsa arba'in cif, ba wanda ya ɓata. Hasali ma tunda nake da shi bai taɓa yin kyan gani irin na ranar da ya mutu ba.

Saboda dattawan da wannan sanarwa za ta iya faɗawa hannunsu, bari in fayyace. Marigayin ba kartar caca ba ne, ba kuma wot ɗin da ake bugawa a bakin titi ba. Wasa ne na katunan dodanni da mayaƙa, ana sayo su a fakiti a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka farke. Kowa ya tara nasa, ya yi musaya, ya zaɓi arba'in ya haɗa dami, mu muna cewa dek. Mutum biyu su zauna, kowa da nasa damin da adadin rayukan da wasa ya ba shi. Wanda aka cinye wa rayuka ya faɗi, haka ma wanda katinsa ya ƙare, ya miƙa hannu ba abin da zai ja. Jama'a duk ta ƙofar farko suke neman nasara. Marigayin shi kaɗai ne a Kaduna ya zaɓi ta biyu.

An haife shi cikin talauci da wulaƙanci. Dek ɗina na farko duk manyan dodanni na tara, masu fuka-fuki da wuta a baki, kowannensu yana son shi ne sarki, ba mai yi wa wani aiki. Kowa ya zo ya lallasa ni ya wuce, har waɗanda ranar suka fara koyo. Da duka ya ishe ni na gane cewa dami ba arba'in mafi kyau ba ne, arba'in ne masu zaman lafiya da juna. Na bi kwalin katunan da mutane ke watsarwa a shagon Ben, na tsinto abin da ba mai so. Ranar da na cire Dodon Wuta, katin da na fi ƙauna, don kawai ba ya jituwa da sauran, ko tuwo ban iya ci ba. Na sa wata Ganuwa mara fasali a gurbinsa, kuma daga ranar Kunkuru ya zama mutum.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, mai kawaici, mai kau da kai. Bai taɓa fara tsokanar kowa ba. Kusan rabinsa katanga ce: ka kawo hari ya tare, ka sake kawowa ya sake tarewa, yana yi maka sannu da aiki. A bayan katangar akwai Gara guda uku, iyakar abin da doka ta yarda na kati iri ɗaya, kowace tana cinye wa abokin karawa kati daga saman daminsa duk zagaye. Akwai Rijiya, mai dawo min da abin da aka kashe. Sai dattijon gidan, Tsohon Kunkuru, kati ɗaya tilo mai ƙyalli, wanda na samu hannun wani ɗan bautar ƙasa da zai koma garinsu, kuma yanzu an daina buga irinsa. Shi ba ya duka ba ya zagi. Yana sauka a tebur kawai, abokin karawa ya daina samun damar dawo da nasa matattun.

Ba zan ɓoye ba, ya tara maƙiya. Mutane sun yi sallar la'asar sun dawo sun same shi bai gama wasa ɗaya ba. Ben ya sha cewa, "Oga Umar, wannan dek ɗin naka da mai sayar min da fetur bakinsu ɗaya, janaretana yake so ya kashe." Ita kuwa Hephzibah, nas ce da ke zaune a nan Kamazou, mai dek ɗin nan Acaɓa da ke gama mutum kafin ya gyara zama, takan dafe kai ta ce, "Don Allah Umar, ka kashe ni ko ka sallame ni, ina da majinyata!" Ita muka haɗu da ita a wasan ƙarshe na gasar Kaduna. Ta kawo ni har saura rai ɗaya, Kunkuru ya shige ɓawonsa ya yi shiru, Gara na ta aikinta. Can ta miƙa hannu za ta ja kati, yatsunta suka taɓa katakon tebur. Haka muka samu kujerar zuwa babbar gasa a Abuja ƙarshen watan nan.

To daga nan ajali ya fara kira, sai dai ta hannun da ban taɓa zato ba.

Mahaifina, Malam Ɗanjuma, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, mutum mai magana ɗaya. Tun ranar da ya fara ganin kati a hannuna ya yanke hukunci: caca ce. Na yi bayani, na kawo shaidu, na rantse ba a sa ko kwabo. Ya ce duk abin da ake rabawa a tebur ana ɓoye wa juna, sunansa caca. Shekara da shekaru bai taɓa kiransu da wani suna ba sai "cacar nan taka". Ina koyarwa a firamare, ban taɓa kawo masa abin kunya gida ba, amma in baƙo ya tambaye shi ina Umar ranar Asabar, sai ya ce, "Ya fita," ya canza zance. Abin yana ci min rai, gaskiya, fiye da yadda na taɓa nunawa.

Ƙanwata Sumayya ce, Allah Ya shirye ta, ta kai masa waya ta nuna masa hotona riƙe da kofi, ta ce Yaya zai wakilci Kaduna a Abuja. Ta ce ya daɗe yana kallo, ya sa ta ƙara girman hoton, ya miƙa mata wayar.

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. A wurin Baba, duk abin da ke da daraja laminetin ake yi masa. Takardar yabon da masaƙa ta ba shi, takardar fili, takardun haihuwarmu, hoton marigayiya Innarmu, duk suna liƙe cikin leda mai kauri a akwatinsa na ƙarfe. Abin banza ba ya shiga inji. Ranar Laraba ina makaranta, ya shiga ɗakina ya buɗe kwalin Kunkuru, ya ga kowane kati cikin 'yar rigarsa ta leda mai buɗaɗɗen baki, irin wadda muke sa musu. Sumayya ta ji shi yana cewa, "Dubi aikin ha'inci, ko bakin ba su liƙe masa ba." Ya tuɓe su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki sandarsa, da gwiwar nan tasa da ko masallaci sai ya huta a hanya, ya hau Keke Napep sai Nasarawa. Ya tsaya a kan matar da ke shagon fotokwafin har ta gama, ya sa ta bi gefen kowanne da almakashi.

Da na dawo ya kira ni. Ya warware hankicinsa a kan tabarma, ga su nan suna walƙiya. Ya ce, "Ga kayanka. Abin da zai je Abuja ba a barinsa tsirara. Yanzu ko kogin Kaduna ya faɗa ba abin da zai same shi."

Kayanka, ya ce. Jama'a, kayanka. Na duba gawar, na duba fuskarsa, yana jira kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa. Na durƙusa na ce, "Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma." Ban san da wane baki na faɗa ba.

An garzaya da marigayin shagon Ben, wanda shi ne alƙalin wasanninmu. Ya ɗaga kati ɗaya, ya juya shi, ya cire hularsa. Dokar gasa a fili take: kati sai yadda aka buga shi, wanda aka liƙe ko aka datse ya fita, domin hannu na iya gane shi a cikin dami. Namu kuwa almakashi ya sa ba biyun da suka zo daidai, ko makaho zai iya zaro Rijiya. Zafin injin kuma ya tayar wa Tsohon Kunkuru da ƙuraje a fuska. Hephzibah ta nemi reza ta ce a gwada tiyata. Ta ɗaga kusurwar wata Ganuwa a hankali, sai ga zanen ya biyo ledar, farar takarda ta bayyana. Ta mayar ta danne da babban yatsa, ta ce, "Umar, sai haƙuri. Wa ya yi maka wannan aika-aika?" Da na gaya mata, matar da ta yi shekaru tana yi wa Kunkuru fatan mutuwa ta juya baya tana neman abin da bai ɓata ba a jakarta.

Za mu riƙa tuna muryarsa. In ana kaɗa shi, firrrr, taushi kamar tashin tattabaru. In Ganuwa ta sauka, tap, a ladabce. In Gara ta ci, shap, shap, sai kuma tsakin abokin karawa. Yanzu in na gwada kaɗa shi, ƙwaras-ƙwaras yake yi kamar an zubar da faranti, ya zame ya watse ƙarƙashin tebur.

Ya rasu ya bar riguna arba'in ba masu sawa, da kwali ɗaya da ya yi masa kaɗan yanzu saboda ƙibar da ya yi a ranarsa ta ƙarshe, da robar ɗauri, da 'yan benci, wato katunan canji, da suka tsira don suna aljihun wandona. Ya bar Dodon Wuta, wanda aka kora tun da daɗewa, yau ga shi ya ga bayan kowa. Ya bar Acaɓa ba mai taka mata birki. Ya kuma bar ni.

Game da jana'iza, malamai sun tabbatar ba ya cikin waɗanda ake yi wa salla, don haka ga yadda aka tsara. Ranar Asabar bayan la'asar za a fito da shi a teburin baya na shagon Ben, ya buga wasansa na ƙarshe da Acaɓa. Dalili kuwa, Baba ya ce yana so ya ga yadda ake yin abin kafin a tafi Abuja. Zai zo da kansa, karo na farko. Ben ya yi alkawarin mantawa da littafin doka a gida, ya kuma tanadi kujera mai jingina. An roƙi Hephzibah kada ta saki wasa don tausayi, marigayin bai taɓa cin sadaka ba. Masu zuwa su taimaka da tsince katin da ya zame, ba dariya. Duk wanda ya furta kalmar "doka" ko "an hana" a gaban dattijon, ni da shi har abada. In ya tambaye ku ya kuka ga aikin, ku ce ya yi kyau, don ya yi.

Daga nan gawar za ta wuce Abuja a aljihun rigata, tunda Baba ya ce za ta je. Ni zan zauna da aron dek ɗin Hephzibah na biyu, wanda ban iya tuƙa shi ba, ana sa ran fitar da ni tun zagayen farko. Ba a buƙatar rakiya.

Binnewa sai na dawo, a gida, a Makera. Ba sai an zo da magina ba, an riga an haƙa kabari. Jiya da safe Baba ya buɗe akwatinsa na ƙarfe a gabana, ya ɗauke takardar yabonsa ta masaƙa daga inda take tun ina yaro, ya mayar da ita can ƙasa, ya share wurin da tafin hannu, daidai gefen hoton Inna. Ya ce, "In kun dawo ka kawo su nan. Ba a barin irin wannan a ɗakin samari."

Za a karɓi gaisuwa a shagon Ben, ban da gida. Wanda kuma ya ga ina share hawaye ranar Asabar, in Baba ya tambaya, ya ce masa daɗi ne. Ba duka zai yi ƙarya ba.