Fulakon Barkindo a Bakin Teku

Lokacin da muke karatu a Birmingham, mu uku ne 'yan gida a ajinmu: ni mutumin Funtua, da Barkindo, Bafulatanin Girei, da Bakura, Babarbaren Maiduguri. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari ya san ban huta da rabon faɗa ba. Shi Bakura Allah ya yi masa hanci. Ko a hawa na nawa aka buɗe tukunya a ɗakin kwanan ɗalibai, kafin tururi ya gama fita sai ka ji sallamarsa, cokali a aljihu. Shi kuwa Barkindo fulako ya yi masa katutu. Ba ya ci a kan hanya, ba ya ci a gaban baƙo, kuma in an yi masa tayi sai ya ce ya ƙoshi, a sake ya ce ya ƙoshi, sai an haɗa shi da Allah sannan zai matso yana sunkuyar da kai kamar sabon ango.

Wani ɗan ajinmu Bature, Martin, ya gayyace mu hutun ƙarshen mako a garinsu, Plymouth, birni ne a bakin teku. Ranar Asabar muka yi sammako muka hau jirgin ƙasa. Barkindo bai karya ba saboda sauri, a jirgi kuma ya ce shi ba zai tauna komai mutane suna kallon bakinsa ba. Muka isa wajen azahar cikinsa na kiran ciroma.

Mahaifiyar Martin, dattijuwa mai fara'a, ta ji cewa Musulmi ne za su zo, sai ta gasa kifi da dankali, ƙamshi har bakin ƙofa. Ta zuba wa kowa, da ta zo kan Barkindo ta tambaye shi ko ta zuba masa. Mutumin naku ya dafa ƙirji, ya yi murmushi, ya ce ya gode, a ƙoshe yake. Ya gyara zama yana jiran tayi na biyu.

Tayi na biyu bai zo ba. Dattijuwa ta ce to madalla, ta ɗauke farantinsa ta mayar cikin kabad. A ƙasar nan in ka ce a'a, to a'a ɗin suke ji. Na ga idon Barkindo ya bi farantin har aka rufe kabad, wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Bakura kuwa tausayi bai kama shi ba. Ya juye kason Barkindo a kan nasa, ya ci ya yi nak. Da dattijuwa ta shiga kicin sai ya bi ta da kwanuka, wai taya ta wanke-wanke zai yi. Ashe sharri ya je ƙullawa. Ya ce mata ai mutanen su Barkindo wata irin al'ada ce da su, ba sa cin abinci a gidan mutane, kuma a matsa musu babban cin fuska ne. Baiwar Allah ta yi ta godiya da ya faɗa mata tun ba ta yi kuskure ba.

Da yamma aka jera farantai, babu na Barkindo. Ta aje masa kofin ruwa, ta dube shi da girmamawa, ta ce kada ya damu, ta fahimci komai. Washegari da safe aka soya ƙwai, aka gasa burodi, ga man shanu, ga shayi da madara. Madara fa, a gaban Bafulatani! Shi dai ruwansa aka sake aje masa.

Na raɗa masa, “Malam, ka buɗe baki ka ce kana jin yunwa mana. Ai ba laifi ba ne.”

Ya ce, “In roƙi abinci a gidan mutane, Babarbare yana zaune? Kafin mu koma Birmingham labari ya isa Maiduguri. Gara in faɗi a ɗauke ni.”

Da hantsi Martin ya kai mu bakin ruwa. Gaskiya wurin ya yi kyau. Rana ta ɗan leƙo, jiragen ruwa suna ta kai da komo, iska mai sanyi tana kaɗawa, muka yi ta ɗaukar hotunan da za mu tura gida. A duk hotunan Barkindo ya fito yana dafe da wani abu, ko ƙarfe ko kafaɗata. Akwai kuma wasu fararen tsuntsayen teku, manya kamar agwagi, masu kukan tsiya. Martin ya ja mana kunne cewa ɓarayi ne, sun fi shirwar mahauta rashin kunya, duk mai abinci a hannu ya yi hattara. Barkindo bai ji wannan gargaɗi ba, hankalinsa yana kan wani shago da ke soya kifi da dankali a tsallaken titi.

Can sai ya ce mana zai ɗan zaga. Muka ce a dawo lafiya. Bakura ya ƙyafta mini ido, muka bar Martin yana waya, muka bi Barkindo daga nesa. Ya shiga shagon, ya fito da ƙunshi a takarda ya ɓoye cikin rigar sanyi. Bai tsaya inda jama'a suke ba. Ya yi ta tafiya har ƙarshen katangar bakin ruwa, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya tsuguna a bayan wani tsohon kwalekwale, ya juya wa duniya baya. Mu kuma muka laɓe a ɗaya gefen.

Ya buɗe takarda. Kifi ne guda, dogo, ya soyu ya yi ja, tururi na tashi. Ya yi bismilla a hankali, ya ɗaga shi da hannu biyu, ya lumshe ido. Bai kai baki ba wani farin tsuntsu ya sauko ta bayan kansa ya fauce kifin gaba ɗaya. Barkindo ya zabura, takarda ta kife, sauran 'yan'uwan tsuntsun suka rufar wa dankalin. Kafin ya gama salati babu abin da ya rage sai maiƙo a yatsunsa. Ɓarawon kuma bai yi nisa ba. Ya sauka a kan kwalekwalen, ya haɗiye kifin a gabansa, ya ɗaga wuya yana ihu.

Bakura ya fito daga maɓoya yana riƙe da ciki, dariya har da hawaye. Da ƙyar ya iya magana.

“Sannu Ardo, sannu mai fulako. Ashe kai ma kana karɓar baƙi? To faɗa mini, shi wannan sau nawa ka yi masa tayi kafin ya ci?”

Barkindo ya goge yatsunsa a hankali. Ya dubi tsuntsun, ya dubi Bakura, ya sake duban tsuntsun.

“Tun yaushe ake yi wa Babarbare tayi? Ai buɗe abincin kawai ake yi.”