Ina Inta Ɗaya?

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na ja zugar mata muka kutsa ofishin mutane a Gumel neman abin da Allah bai halitta ba.

Ni a Ɗanzomo an san halina. Ban yi boko ba, amma ba a yi min wayo. In mai awo ya ce min tiya biyu ce, sai na ga ta farkon da idona kafin ya zuba ta biyun. (Ku riƙe wannan, daga nan masifar ta taso.)

Jikana Sagiru a hannuna ya tashi tun rasuwar ubansa. Ya gama sakandare lafiya lau, sai zama ya biyo baya: safe gindin darbejiya, yamma gindin darbejiya. Abokai suka fara zuga shi ya zo su riƙa tsallaka iyaka da kayan fasa-ƙwauri a babur ta hanyar daji wajen Maigatari, aikin da ya bar ɗan maƙwabciyata da ɗingishi har yau. Na ce masa ranar da ya hau babur ɗin nan, ya nemi wata kakar. Amma faɗa ba ya zama sana'a, ni ma na sani.

Ana haka wata ƙungiya ta zo tana tattara yaran da suka gama makaranta ba su da mai tsaya musu. Wasu a nema musu gurbi a kwaleji, wasu a haɗa su da masu sana'a. Sagiru ya zaɓi koyon haɗa sola, don dama duk fitilar da ta mutu a unguwa gidanmu ake kawo gawarta. Sai dai guraben kaɗan ne, yaran kuwa ga su nan daga Gagarawa, Sule Tankarkar, ko'ina.

Wata rana ya shigo da gudu, da tsokanar da ya saba. "Uwargida, albishirinki! An kira ni intabiyu ranar Laraba a Gumel."

Na ajiye rariya. "Inta me?"

"Intabiyu."

"To ita inta ɗayar yaushe ka yi ta?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Inna, ai ba a yin wata inta ɗaya," ya fice ya je gaya wa abokai.

Ba a yi? Yaro dai yaro ne. Ina aka taɓa shiga aji biyu ba a zauna aji ɗaya ba? Ko salla ai ba a fara ta daga raka'a ta biyu. Ina tankaɗe ina lissafi har na gano bakin zaren: an riga an yi inta ɗaya a ɓoye da 'ya'yan masu hannu da shuni, namu kuma a kira su ta biyu don a kayar da su a ce sun gaza. Na jinjina wa kaina a kan wannan basira.

Ranar Laraba na yafa mayafina na zuwa biki na ce rakiya kawai zan yi. Muka shiga mota zuwa Gumel, adaidaita ta kai mu ƙofar ofishin. Aka shigar da yara ciki, mu iyaye aka ba mu benci a rumfa. Nan na fara bincike.

"Baiwar Allah," na ce wa wata da ta zo daga Gagarawa Tasha, "taki ta yi inta ɗaya?"

Ta zaro ido. "Akwai ta ne?"

"Akwai biyu babu ɗaya?"

Ta dafe ƙirji. Na tambayi ta kusa da ita, haka. Ta gaba, haka. Sai na juya ga wani Alhaji mai babbar riga, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, da ya kawo ɗan ƙanensa.

"Alhaji, naku fa?"

Ya gyara hula, ya ja carbi, ya ce, "Haba Hajiya, tun yaushe! Ai namu inta uku yake jira." (Daga baya na gane shi ma ranar ya fara jin kalmar, girma ne ya hana shi cewa bai sani ba. Na yafe masa, amma ina gane hularsa ko daga nesa.)

Shi ke nan, hujja ta samu. Na miƙe na ce, "Mata, ku taso." Suka taso. Maigadi ya tare ƙofa yana cewa, "Hajiya, ganawa ake yi a ciki." Da na tsaya na saurari bawan Allan nan, da ya fassara min komai a nan take. Sai na yi masa kallon da nake yi wa akuya in ta doshi shanya, ya matsa.

A ciki mutum uku ne a bayan tebur: Malama Binta jami'ar ƙungiyar, da mai shagon sola da ake kira Injiniya, da wani dattijo mai tabarau. A kujerar gabansu kuwa wa zan gani? Sagiru, kai a sunkuye, gumi har wuyan riga.

Ban yi wata-wata ba. "Salamu alaikum. Mu talakawa ne amma muna ƙirge. Ba wanda zai yi wa jikana inta biyu sai an yi masa inta ɗaya, kamar yadda aka yi wa na Alhaji. A fito da ita yanzu!"

Dattijo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Injiniya ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Malama Binta ce ta daure ta taso, ta kama hannuna da ladabi.

"Inna, kalmar Turanci ce, guda ɗaya ce dunƙule. Ganawa take nufi, a yi wa mutum tambayoyi. Biyun da ke cikinta ba ta ƙirge ba ce."

"To ɗayar fa?"

"Babu ita, Inna. Ko a ƙasar Turawa babu."

Na waiwaya neman rundunata. Ko gefen mayafi ɗaya ban gani ba. Ni kaɗai a tsakar ɗaki, da jaka a hammata. Abin da ya fito daga bakina, wallahi, shi ne, "To, dama na leƙo ne in ga ko kuna da ruwan sha." Nan Injiniya ya fashe da dariya, dattijo ya bi shi. A raina na ce shi ke nan, na kai yaron nan kan babur da hannuna.

Sai na ji murya. Sagiru ne, wanda aka ce tun shigarsa ban da "e" da "a'a" bai furta komai ba.

"Ku yi haƙuri, kakata ce, ita ta raine ni. Haka take, ba ta yarda sai ta gani. Ranar da na haɗa mata fitilar sola ma sai da na yi mata bayanin inda hasken rana yake kwana."

Injiniya ya share hawaye. "To ina yake kwana?"

Yaro ya buɗe baki: batir, waya, abin da ke hana caji wuce kima, yana yi yana kwatance da hannu. Ni dai na sulale da baya-baya na fita, na wuce Alhaji ko kallonsa ban yi ba.

Aka ɗauki Sagiru. Injiniya ya ce wanda ya iya gamsar da wannan tsohuwar, babu mai sayen kayan da zai gagare shi. Yanzu yana Gumel yana hawa kwanon mutane da na'urori, babur kuwa sai na zuwa aiki.

Ni kuma na samu suna, Hajiya Inta Ɗaya, har jikokin maƙwabta. Bana ma Malama Binta ta aiko a tambaye ni ko zan riƙa zama ina tsare yaran garinmu da ido ina yi musu tambayoyi kafin su je intabiyu ta gaskiyar, don bakinsu ya saba. Na karɓa. Kun san sunan da yaran suka sa wa zaman.

Abin da na koya dai shi ne, in kalma ta fito daga bakin ɗan boko, tambaya ake yi, ba ƙirge ba. Kuma in za ki tambaya, kada ki tambayi mai babbar riga.