Hannun Kaka a Ƙarƙashin Gwiwa

Ran nan da yayyafi aka tashi, irin mai nacin nan, ba ya ƙaruwa, ba ya ɗaukewa. Kaka ta shigo ɗakin jikanta Dogo mai fenti tana karkaɗe lema. Tun da tsani ya goce da shi, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki a asibiti, bai sake riƙe buroshi ba. Ta same shi miƙe a katifa, ƙafar hagu ta tsotse kamar ba tasa ba, ga wani naɗaɗɗen tawul an yar a bayan ƙofa. Ya gaishe ta, ta amsa.

"Lafiya lau, sai sanyi. Ya jikin maigidan? Ko in ce rabin maigida?"

"Rabin ma ya fi ƙarfinki, tsohuwa. Wa ya sake ki cikin ruwan nan? Ki narke a hanya, a ce ni na yi sakaci da mata."

"Na zo duba ko da sauran amfani a jikinka ne." Ta zauna a bakin katifa, ta jawo tawul ɗin da ƙugiyar lema. "Wannan fa? Matashin kan ɓera?"

"Kayan aiki ne. Likitar motsa jiki ta ce in sa shi ƙarƙashin gwiwa, in yi ta dannawa har naman cinya ya ɗaure, dunduniya ta tashi."

Kaka ta juya tawul ɗin a hannunta. Da gaske take son ganewa.

"Tsaya. Gwiwa aka yanka, cinya kuma ake wa horo? Me ta yi?"

"Barci ta yi. Wai in ƙafa ta daɗe ba aiki, sai naman ya manta, kuma shi ke riƙe gwiwar. In bai farka ba, ba ajiye sanda, ba hawa tsani. Ogana kuwa ya ce ba zai yi ta ajiye min gurbi ba."

"To tashe shi mana."

"Na gaji. Ina dannawa kamar ina ƙwanƙwasa gidan da ba kowa."

Ya juya fuska bango. Kaka ta ga wannan maganar ba wasa a cikinta, amma ba ta nuna ba. Ta ajiye tawul, ta zura tafin hannunta ƙarƙashin gwiwar a hankali, nesa da tabon ɗinki, ta ɗora ɗayan a kan cinyar.

"Danna nan. Ina so in ji abin da likitar ke nema."

"Zan murƙushe miki 'yan ƙasusuwan da suka rage."

"Kai ɗin? Da hannun nan na riƙe babanka yana ƙato yana harbin iska. Danna."

Ya danna.

"Ka fara?"

"Na ma gama."

"Na zaci ƙuda ne ya sauka. Bari in fita in gaya wa 'yan matan unguwa, mai so ta zo ta ɗauka kyauta, har da sandunan."

"Su da suke rububina? Ke ce kika tare ƙofa da haƙoranki biyu."

"Uku. Kuma kowanne ya fi cinyar nan ƙarfi."

Dariya da haushi suka kama shi lokaci ɗaya. Ya cije leɓe ya danna. Sai Kaka ta ji wani abu ya yi zillo ƙarƙashin tafinta, kamar kifi a ruwa. Ƙoƙon gwiwar ya ɗan ja sama.

"Ikon Allah, ashe da mutum a gidan. Sake in ji."

Ya sake. Naman ya ɗaure, yana rawa. Dunduniya ta rabu da katifa, da ƙyar yatsa zai shiga, amma ta rabu. Dogo ya zuba wa dunduniyar ido.

"Wayyo yatsuna. Ɗaga, ɗan nema, ɗaga!"

"Ai ƙuda ne."

"Ƙudan ya ci ya ƙoshi." Ta zare hannun tana yarfewa, tana dariya har da hawaye. "Shi ke nan, ka ci. Gobe zan dawo, amma ɗayan hannun zan ba ka, wannan ka gama da shi."

Yanzu Dogo ya ajiye sanda, yana ɗaga ƙafar da jakar yashi ɗaure a idon sawu. Ya koma aiki. Tsani dai likita ba ta yarje masa ba tukuna: ƙasan bango yake shafawa, ogansa na yin sama.