Nomau da Daddawar Iya Tabawa

A ƙauyen Rafin Ɗorawa akwai wani mutum wai shi Nomau. Ƙato ne har da gemu, amma abin da aka ce masa shi yake yi, ba ƙari ba ragi. A gidan yayarsa Gambo yake zaune. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu daddawa, da sana'ar take ciyar da shi da 'ya'yanta. To amma daddawar da mutanen birni ke zuwa saye, hannun wata tsohuwa, Iya Tabawa, ne kawai ke fitar da ita. Ga shi ɗan Iya ya ce bayan Sallah zai tafi da ita Kaduna. Sai matan suka samo waya, wai a adana ilimin Iya a ciki kafin ta tafi.

Wata rana Gambo ta miƙa wa Nomau wayar ta ce, "Je ka naɗo duk abin da Iya ta faɗa." Ya je ya wuni. Da aka kunna a gaban matan, sai ga muryar Iya tana zagin akuya, tana cigiyar takalminta. Can sai ta ce, "Ita Gambo ai daddawarta ko kare sai ya yi shawara kafin ya lasa." Nomau ya ce, "Da saura, Yaya. Akwai na Lanti ma." Lanti, ɗaya daga cikin matan, ta ja mayafinta ta fita.

Wata rana kuma Gambo ta ce, "Bar bakin Iya. Hannunta za ka yi wa bidiyo, duk inda ya je ka bi shi." Nomau ya bi hannu. Hannu ya surfa kalwa, ya bi. Hannu ya sosa ƙeya, ya bi. Da Iya ta ɗauki buta ta nufi bayan gida, ya bi ta har bakin zana. Ƙarshen bidiyon dai hannu ne riƙe da muciya yana tahowa da gudu, daga nan sai sararin sama.

Matan suka tattara abin da ya samu, suka dafa kalwa, suka zuba kanwa yadda Iya ta ce, suka rufe da sababbin buhuna fes. Daddawa ta fito da wani irin wari, ko ƙuda bai sauka ba. Aka tambayi Iya, ta ce, "Ni da hanci nake sanin ta yi. Ban san yadda zan faɗa muku ba."

Wata rana sai Gambo ta ce cikin fushi, "Komai fa nake so ya shiga wayar nan, har ƙanshin!" Nomau ya ce to. Ya je ya tura wayar tsakiyar kalwa mai zafi, ya rufe, ya zauna gadi. Da aka buɗe, ƙanshi kam ya shiga. Wayar dai ba ta sake kawo wuta ba, duk abin da aka naɗa ya tafi. Gambo ta zauna a kan turmi tana kallon 'ya'yanta, ba ta ko yi faɗa ba. Sallah ta kusa.

Wata rana, don ya ba ta wuri kawai, ta ce, "Tafi can gidan Iya ka zauna. Duk abin da ta yi ka yi." Nomau ya tafi. Ranar da matan suka ɗora tukunyar gwaji ta ƙarshe, sai ga shi ya shigo a duƙe, da ɗankwali a ka, yana tari irin na Iya. Ya ture Lanti ya ce, "Matsa, 'yar nan." Ya juye kalwa a masaki. Aka miƙo masa sabon buhu, ya ƙi karɓa. Ya zaro wani baƙin tsumma mai danƙo daga hammata ya shimfiɗa a kai.

"Wannan ƙazantar fa?" in ji Gambo.

"Da shi take rufewa."

"Ka sato mata?"

"Ta ɗauka, na ɗauka."

Ba wadda ta iya ƙwace shi, ƙato ne. Da kwanakin buɗewa suka yi, tun daga zaure ake jin ƙanshi. Daddawar Iya ce sak.

Gambo ta ruga gidan Iya ta ce, "Haba Iya, me ya sa ba ki taɓa faɗar tsumman nan ba?"

Iya ta ce, "Wane tsumma? Au, shi nake ta nema! Ni ƙyuyar wanki ce ta sa ban taɓa wanke shi ba. Haka na gaje shi wajen uwata."

Kafin ta hau mota ta sa almakashi ta yayyanka shi, kowace mace ta samu ƙyalle. Nomau kuwa har bayan Sallah yana yawo a duƙe da ɗankwali yana tari, don ba wanda ya tuna ya ce masa ya daina.