Yadda Za Ka Nemo Sahihin Tarihin Bazuwar Rashawa Kana Zaune a Unguwar Manfuha

Ɗan'uwa, zauna, ba sauri muke ba. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari duk direbobin Riyad babu wanda zai fi ka sanin yadda Rashawan dā suka bazu har Saiberiya.

1. Ka samu dalili

Ba a neman tarihi da ƙoshin lafiya. Ni musu ya ja ni. Laouali, abokin ɗakina, ya ce sanyi Rashawa suka bi. Na ce a'a. Muka yi da shi cewa mai hujja shi zai riƙa kwana a gindin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, gurbina tun zuwana. Wanda ya san zafin garin nan ya san ba wasa ba ne.

2. Ka guji muryar WhatsApp

In an ce "wani masani ya ce", tambayi sunansa. An turo min wata murya mai daɗin sauraro kan Rasha. A ƙarshe mutumin ya tallata maganin basir.

3. Ka tambayi ɗan ƙasar

Amma ka tabbatar. Na tare wani farin mutum a ƙofar masallaci, na ce, "Rusi?" Ashe Batatare ne, ɗan wata ƙabila da Rashawa suka tarar a Saiberiya. Ya ce, "Aboki, su Rashawa sun rubuta wai sun gano ƙasa. Kakannina kuwa suna cikinta, suna cin abinci." Ka riƙe wannan: labarin farauta daban yake a bakin barewa.

4. Ka tambayi maigidanka

Dakta Inuwa nake tuƙawa. Ya ce in nemi littafin da ke faɗin inda ya samo maganarsa, kuma kada in tsaya a ɗaya. Zan ƙara tambaya ya ce, "Salmanu, don Allah kalli hanya."

5. Ka je ɗakin karatu

Kada ka zauna kan kujera mai laushi, barci ɓarawo ne. Larabcin littafi ba na kasuwa ba ne, sai a hankali. Na yi ta zarya duk ranar hutu har na gane: fatun dabbobi suka bi. Mutane kaɗan ke fara zuwa, su kafa shingen katako a bakin kogi, su karɓi fatu a matsayin haraji, sannan iyali su biyo.

6. Ka kai hujja gida

Ina can ina karatu, ashe Laouali ya fara da saƙala caja a gurbina. Sai takalmi. Sai akwati. Ranar da na shigo da hujjata, katifa na tarar, shi a kai.

"Laouali, fatu ne! Littafi biyu suka faɗa!"

"Ka yi gaskiya, yaya," in ji shi. "Miƙo min filo."

Gargaɗi

Ilimi na yi maka alkawari, ban ce sanyi ba. In kai ma ka koma kwana bakin ƙofa kana fifita da kwali, ba ruwan Salmanu.