Cokali a Aljihun Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ƙarfe biyu na rana, a ƙofar wani otal da ke hanyar Tumfure. Waɗanda suka halarta: ni, da sabon abokina Emeka, da mai gadi, da ɗan sanda ɗaya, da mutum kusan goma a layi. Shekarun nan ne da ko masallacin Juma'a za ka shiga sai an shafa maka na'ura a jiki.

Emeka mai sayar da janareta ne, haifaffen Gombe, Hausarsa ta fi ta wasu da muke karanta labarai tare a rediyo. Sati biyu da haɗuwarmu na shaida masa cewa na yi kwas ɗin aikin rediyo a China. (Gaskiyar magana, sunana ya fito a cikin masu tafiya, na je Abuja, aka cire ni, na dawo.) Sai ya ce ai kuwa otal ɗin nan ya buɗe sashen abincin 'yan China, mu je in nuna masa yadda ake ci.

Kwana uku ina gwada ɗaukar shinkafa da fensir biyu a gidana da ke Madaki, tunda da tsinke biyu 'yan China ke cin abinci. Ko ƙwaya ɗaya ba ta kai bakina ba. Ranar tafiya na sa babbar riga, na saci cokalin maiɗakina na jefa a aljihun ciki. Shirin shi ne in riƙe tsinke idan Emeka yana kallo, in ya kau da kai in yi da cokali. Magidanci mai 'ya'ya uku ne ya zauna ya tsara wannan.

Ƙofa ce ban sa a lissafi ba. Mai gadi ya ce, "Alhaji, waya da makulli a kan tebur." Na ajiye. Ya shafa na'ura a ƙirjina, ta yi ƙara. Ya sake shafawa, ta sake. Kafin in juya layi ya watse, wata mata ta bar takalminta ɗaya ta shige bayan mota. Ɗan sanda ya gyara bindiga ya ce, "Hannu sama! Kada ka taɓa aljihu! Mene ne a ciki?"

Na ɗaga hannu sama. Ina auna wanne ya fi sauƙi: a ɗauke ni ɗan ƙunar baƙin wake, ko in ce cokali a gaban Emeka. Wallahi sai da na auna.

Emeka ya shiga roƙo: "Oga, don Allah, ɗan jarida ne, na san shi. A China ma ya yi karatu!"

Mai gadi ya zura yatsu biyu, ya zaro abin ya ɗaga sama kowa ya gani. Daga bayan mota wani ya ce, "Ashe walima Alhaji ya zo!" Mai gadi ya miƙo mini ya ce, "Muna da shi a ciki fa."

Suna da shi kuwa, a kowane tebur. Abincin da na kusa rasa raina a kansa taliya ce da kabeji cikin wani baƙin ruwa mai gishiri, an dai ba ta dogon suna. Emeka ya sa aka kawo masa tsinke, ya riƙa ɗaukar gyaɗa ɗaya bayan ɗaya yana hira. Da kukun ya leƙo, wani dattijo ɗan China, shi da Emeka suka gaisa da yaren China har da dariya.

"Sau biyu nake zuwa China sayen kaya a shekara," in ji Emeka. "Malam, kai a wane gari ka zauna?"

Na dubi taliyata na ce, "Abuja."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ai ka kama hanya."

Tun daga ranar, kafin in yi wa ɗan kasuwa ƙaryar wata ƙasa, sai na fara tambayarsa inda yake saro kayansa.

Bayan wata biyu Emeka ya dawo daga China, ya aiko da tsaraba gidana: cokula dozin ɗaya, ya ce a ba uwargida. Da su muke cin abinci har yau.